Tarihin Yared: Marayan Da Karatu Ya Gagara, Ya Zama Uban Waƙoƙin Cocin Habasha

Garin Gallabat da ke Jihar Gadarif a gabashin Sudan da garin Metema na ƙasar Habasha, wani ɗan rafi ne kawai ya raba su, sai gadar da aka ɗora a kansa. Kusancin ya kai duk abin da aka ɗaga murya aka yi a wancan ƙetaren, ana jin sa a wannan. A daren manyan bukukuwan Kiristocin Habasha, mai kwana a Gallabat yakan jiyo wata ganga mai nauyi ana buga ta a hankali, da muryoyin maza suna jan wata waƙa doguwa har gari ya waye.

Waƙar nan tana da mai ita. Mabiya cocin Orthodox ta Habasha da ta Eritiriya suna kiran sa Kidus Yared, wato Waliyyi Yared, kuma a wurinsu duk wata karin murya da ake rerawa a coci daga gare shi ta samo asali. Tarihinsa na ga ya dace in kawo wa masu karatu a yau, saboda dalili biyu. Na farko, mutanenmu da suka zauna a gabashin Sudan a kan hanyar aikin Hajji, waɗanda ake kira Takari, sun yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da Habashawa, ana ciniki tare, ana yankan riɗi tare, amma kaɗan ne suka san abin da maƙwabcin yake rerawa. Na biyu, labarinsa yana nuna cewa waƙoƙin ibadar nan daga rayuwar yau da kullum suka tsiro: daga yaron da karatu ya ƙi shiga kansa, da tsutsa, da tsuntsaye, da hadarin damina.

Mafi yawan labarinsa ya zo ne daga littattafan cocin, musamman Sinkisar, wanda ake karanta tarihin waliyyai a cikinsa kowace rana, da wani littafin da aka keɓe wa rayuwarsa. Yadda suka ruwaito haka zan bi.

Aksum a zamaninsa

A lissafin cocin, an haifi Yared a birnin Aksum da ke yankin Tigray na yau, a shekarar 505 Miladiyya. Aksum a lokacin ba ƙaramar daula ba ce. Tana buga kuɗinta na zinariya, tana da tashar jiragen ruwa ta Adulis a gaɓar Bahar Maliya, tana ciniki da Rumawa da Indiya da Yaman. Addinin Kirista ya shiga fadarta tun ƙarni na 4, a zamanin Sarki Ezana, ta hannun Frumentiyus, wanda Habashawa ke kira Abba Salama, kuma daga Iskandariya ta Masar aka naɗa shi bishop.

Don mai karatu ya gane zamanin sosai: Yared yana saurayi ne Sarki Kaleb na Aksum ya tsallaka teku wajen shekarar 525, ya yaƙi Zu Nuwas na Yaman saboda kisan Kiristocin Najran, kisan da malaman tafsiri da dama ke dangantawa da labarin mutanen rami na cikin Suratul Buruj. Bayan wannan yaƙin ne Abraha ya samu mulkin Yaman. Ka ga ke nan ba wani baƙon zamani ba ne a wurinmu, mun san shi ta wata ƙofar.

Kafin Yared, Kiristoci a wasu ƙasashen sun riga sun fara waƙa a ibada. Sun gaji rera Zabura daga Yahudawa. Efrem na Siriya, wanda ya rasu a 373, ya tsara waƙoƙi da harshen Suriyanci, haka ma Ambros, bishop ɗin Milan, wanda ya rasu a 397, ya tsara nasa da Latin. Amma a Aksum, in ji Sinkisar, limaman coci karatu kawai suke yi ƙasa-ƙasa kamar masu raɗa, babu rerawa, babu ɗaga murya.

Maraya a gaban malam

Sunan mahaifinsa Yishak, wato Isiyaku, mahaifiyarsa kuma Kristina, wasu ruwayoyin su ce Tawkliya. Bai wuce shekara bakwai ba mahaifin ya rasu. Uwar ta yi abin da iyayenmu mata suka saba yi idan maigida ya kwanta dama: ta kama hannun yaron ta kai shi wurin wani ɗan'uwansu malami, Abba Gedewon, wanda ke karantarwa a babbar cocin Aksum, ta ce ga amana.

To, sai dai karatu ya ƙi. Abin da ake fara haddacewa a wannan makaranta Zabura ce, wadda Habashawa ke kira Dawit da sunan Annabi Dawuda. 'Yan ajinsu suka yi ta wucewa, shi yana nan inda yake. A biya masa da safe, kafin yamma ya zube. Yara suna yi masa dariya, malam kuma ya haɗa da bulala. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma wanda ya kalli Larabar Yared ba zai taɓa cewa akwai wata Juma'a a gaba ba.

Ran nan duka ya yi yawa, yaro ya gudu. Ya bar gari ya shiga daji, gajiya ta kama shi, ya zauna a gindin wata bishiya yana kuka. Yana nan zaune sai idonsa ya faɗa kan wata tsutsa tana ƙoƙarin hawa bishiyar don ta kai ga ganye. Ta hau ta faɗo. Ta sake hawa ta sake faɗowa. Yana ƙirgawa har sau shida. A na bakwai ta kai, ta kama cin abincinta. Nan yaron ya yi wa kansa faɗa: wannan abar da ba ta da ƙashi a jiki ba ta fid da rai ba, shi da yake ɗan Adam mai hankali don me zai gudu? Ya tashi ya koma, ya durƙusa gaban malaminsa ya nemi gafara.

Abba Gedewon ya karɓe shi. Daga nan, in ji ruwayar, kansa ya buɗe, ya haddace Zabura 150 da sauran littattafan cikin ɗan lokaci, har aka naɗa shi mai hidima a cocin, daga baya ya zama malami a inda aka taɓa yi masa dariya.

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai na tsaya. Duk wanda ya yi karatun allo ya san irin yaron nan. Akwai shi a kowace makaranta: allonsa ya yi wata guda ba a wanke ba, kullum shi ne a bakin bulala, har a laƙaba masa sunan daƙiƙi ya bi shi zuwa girma. Har gobe da labarin tsutsar nan malaman Habasha ke lallashin irin wannan yaro.

Tsuntsaye uku, karin murya uku

Ruwayar cocin ta ce Allah Ya aiko masa da tsuntsaye uku daga Aljanna, suka ɗauke ruhinsa zuwa sama, ya ji yadda ake yabo a can, ya dawo da abin a kunnensa. Da ya dawo sai ya tsaya a gaban cocin Aksum da hantsi ya ɗaga murya ya rera. Sarki da sarauniya da limamai da mutanen gari suka sheƙo a guje, suka wuni suna saurare, don ba su taɓa jin irin sa ba.

Wannan bangaskiyar masu ita ce. Abin da kowa zai iya ji da kunnensa shi ne karin nan guda uku da har yau dukkan waƙoƙin cocin ke tafiya a kansu, waɗanda gaba ɗaya ake kira zema. Na farko Ge'ez, sunansa ɗaya da tsohon harshen da ake ibadar da shi, kari ne miƙaƙƙe mai ƙarfi, ba ado da yawa. Na biyu Ezel, mai nauyi, ana jan sa a hankali daga ƙirji. Na uku Araray, marar nauyi, murya tana hawa sama tana yawo. Kowanne da ranakunsa da wuraren da ake sa shi, kuma a zanen da ake yi wa Yared a bangon coci, da wuya ka gan shi ba tare da tsuntsayen nan uku a kusa da shi ba.

Dubi kuma kayan da ake rakiyar waƙar da su. Akwai kebero, ganga ce ta itace da fatar sa, baki ɗaya babba ɗaya ƙarami, ana rataya ta a wuya a buga da hannu. Akwai tsenatsil, ɗan ƙarfe mai kacau-kacau da ake kaɗawa. Sai mekwamiya, doguwar sanda mai ɗan reshe a kai, wadda mawaƙi ke dogarawa a kanta saboda tsayuwar dare, yana kuma lilo da ita yana auna tafiyar waƙar. In ka gan ta a hannun mutum a hanya, sai ka ce makiyayi ne. Itace, fata, ƙarfe, sanda da tafi: babu abin da ba a samu a gidan manomi.

Waƙar da ke bin damina da kaka

Littattafai biyar ake jingina wa Yared. Babbansu Deggwa, wanda ya tattara waƙoƙin shekara gaba ɗaya. Sai Tsome Deggwa na lokacin babban azuminsu mai kwana 55, sai Me'eraf da ke tsara yadda ake rera Zabura, sai Zimmare na bayan cin jibin Ubangiji, sai Mewasit na jana'iza da tunawa da mamata.

Abin da ya fi jan hankalina a Deggwa shi ne yadda ya bi kalandar manomi sau da ƙafa. Shekarar Habasha tana farawa ne a 11 ga Satumba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, littafin ma daga nan yake farawa. Daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba suna da abin da suke kira lokacin furanni, daidai sa'ad da duwatsun ƙasar ke rufewa da rawayar fure, waƙoƙin makonnin nan kuwa cike suke da zancen fure da 'ya'yan itace. Idan damina ta kama, an raba ta gida-gida: akwai makonnin iri da gajimare, akwai na walƙiya da tsawa da koguna da raɓa. Manomin da ya wuni yana shuka, idan ya shiga coci ran Lahadi, zancen irin da ya binne zai ji ana rerawa, ana roƙon Mai sama Ya raya shi.

Wannan hadarin da suke wa waƙa kuwa ba baƙonmu ba ne. Ruwan da ke sauka a duwatsun arewa maso yammacin Habasha shi ke cika kogin Atbara da ke shigowa Sudan ta kusa da Gallabat, kuma damina ɗaya ce ke shayar da dawa da riɗin Gadarif. Na sha zama da leburorin Habasha da ke tsallakowa aikin gona da kaka. Za ka ga saurayi bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san wane mako ake ciki a lissafin coci kamar yadda tsofaffinmu suka san taurarin damina.

Mashin sarki

Sarkin da ya yi zamani da shaharar Yared shi ne Gebre Meskel, ɗan Sarki Kaleb. Ya ɗaukaka shi ƙwarai, kuma ruwayoyi sun nuna su tare da Abba Aregawi, wanda ya kafa gidan masu zuhudu na Debre Damo a kan dutse, suna zagaya ƙasa ana koyar da sabuwar waƙar.

Labarin da ya fi shahara shi ne na wata rana da Yared ke rerawa a gaban sarki. Daɗi ya kwashe sarki, ya dogara a kan mashinsa, bai san tsinin ya sauka a kan ƙafar mawaƙin ba. Mashi ya huda ƙafa, jini yana zuba. Sarki bai lura ba, shi ma mai waƙar bai ji ba, sai da aka kai ƙarshe. Hankalin sarki ya tashi, ya rantse zai ba shi duk abin da ya roƙa.

A nan ne mutumin ya bambanta da mawaƙan fada da muka sani. Bai nemi doki ba, bai nemi gona ko sarauta ba. Ya roƙi a sallame shi ya bar fada ya tafi daji ya yi ibada. Sarki ya yi baƙin ciki, amma rantsuwa ta riga ta fita. Yared ya nufi duwatsun Semien, inda ƙololuwar Ras Dashen ta haura mita 4,500, wurin sanyi da hazo. A can ya ƙare rayuwarsa yana azumi yana karantar da almajiran da suka bi shi. An ce ya bar duniya a shekarar 571, yana da shekara 66, kuma da yawa daga mabiyansa sun yi imani cewa ɓoye shi aka yi, shi ya sa babu kabarin da ake nunawa. Cocin tana tunawa da shi kowace shekara a 11 ga watan Ginbot, wato 19 ga Mayu. Shekara 44 bayan haka, a 615, Sahabban Manzon Allah (SAW) suka yi hijira zuwa wannan ƙasa, Najjashi ya ba su mafaka.

Yadda waƙar ta tsallake wuta

Kusan shekara dubu waƙar tana tafiya daga baki zuwa kunne. Sai yaƙin Imam Ahmad ɗan Ibrahim, wanda Habashawa ke kira Gragn, wato Bahago, ya ɓarke daga 1529 zuwa 1543. Coci-coci da littattafai da yawa suka ƙone, malamai suka watse. Bayan ƙura ta lafa, a zamanin Sarki Gelawdewos da ya yi mulki daga 1540 zuwa 1559, wasu malamai biyu, Azaj Gera da Azaj Raguel, suka tsara alamomin da ake kira melekket, ƙananan haruffa da zane da ake sawa a saman kalma don tuna wa mawaƙi inda zai hau da inda zai sauka. Ruwayar cocin ta ce tushen alamomin tun daga Yared ne, su faɗaɗawa suka yi. A zamanin Sarki Sarsa Dengel kuma, aka bi ƙasa ana cigiyar cikakken Deggwa, aka same shi a wani gidan ibada mai suna Betelehem a yankin Gayint. Tun daga lokacin, duk wanda ke son a shaida shi malamin Deggwa ne, can yake zuwa a gwada shi.

Gallabat ma tana cikin wannan tarihi, ta ɓangarensa mai ɗaci. Ta nan rundunar Mahadiyya ƙarƙashin Hamdan Abu Anja ta bi ta shiga Gondar a Janairun 1888, aka ƙone mafi yawan coci-cocin birnin. A watan Maris na 1889 Sarki Yohannes na Huɗu ya kawo yaƙin ramuwa har Gallabat, a nan aka harbe shi ya rasu, dubban mutane suka hallaka ta kowane ɓangare. Gine-gine sun rushe, fatun littattafai sun ci wuta, amma abin da ke cikin ƙirjin almajirai bai ƙonu ba.

'Yan kolo na wancan ƙetaren

Su wane ne almajiran nan? A ƙauyukan Gondar da Gojjam da Tigray, za ka tarar da 'yan bukkokin ciyawa kewaye da gidan malami a gefen coci. Yara ne da suka baro iyayensu daga nesa. Da rana su yi karatun littafi, da dare a yi hadda da ka. In yunwa ta taso su ɗauki jaka su bi gida-gida suna bara da sunan Maryamu, karnuka suna bin su, su dawo da gutsattsarin injera su raba. Yaro yakan fara da haruffa, ya sauke Dawit, sannan ya shiga makarantar zema. Mai son ƙwarewa a tsayuwa da kaɗa sanda da ganga ya nufi Gondar, mai son Zimmare da Mewasit ya tafi Zur Amba. A al'adar Betelehem, ɗalibi yakan rubuta nasa Deggwa da hannunsa kafin a sallame shi. Abin yakan ci shekaru masu yawa.

Wani abin dariya, da harshen Amhara ana kiran irin wannan ɗalibi ye-kolo temari, wato ɗalibin da ke rayuwa a kan soyayyen hatsi, don kolo a wurinsu gasasshen sha'ir ne da ake taunawa. Mu kuma a tsangaya ƙaramin almajiri shi ne kolo. Kalmomin sun yi karo ne kawai a kunne, amma ranar da na fara ji sai da na murmusa, don yunwar ɗaya ce, sanyin asubar ma ɗaya ne. Aƙida ta bambanta, wannan ba a ɓoye yake ba, sai dai hanyar da talaka ya bi ya adana abin da yake ganin girmansa, kusan ɗaya ce.

Ko a ƙasar Hausa an ga makamancin abin da Yared ya yi. Waƙoƙin coci na farko da Turawan mishan suka kawo Zariya da Wusasa da sauran wurare fassara ce, kalmomin Hausa a kan karin Ingila. Da matan Zumunta suka ɗauko tulu da caki da karin da suka saba yi a wajen daka da biki, sai waƙar ta zauna daram a bakin jama'a. Mutum ya fi roƙon Ubangijinsa da muryar da ya tashi da ita a gida.

A yau akwai makarantar koyon kiɗa da ke ɗauke da sunan Yared a Jami'ar Addis Ababa, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa bikin Timkat, inda ake kwana ana rera waƙoƙinsa, cikin kayan gadon duniya. Amma masu riƙe da gadon suna cikin wani hali. Yaƙin Tigray da ya fara a Nuwamban 2020 ya ci ɗaruruwan rayuka a Aksum kanta, ya koro dubban mutane zuwa sansanin Um Rakuba a Jihar Gadarif. Daga Afrilun 2023 kuma sai abin ya juya, 'yan Sudan ne ke tsallaka gadar Gallabat suna neman mafaka a Metema, yankin Amhara shi ma ga nasa rikicin. Makarantar da ke rayuwa a kan sadakar ƙauye, in ƙauyen ya watse, ita ma ta watse.

A cikin labarin nan kowa tsutsa yake yabo, ni kuwa ina ƙarawa da mutum biyu. Akwai uwar da ta ga marayanta ya cancanci ilimi, ta kai shi. Akwai kuma malamin da ya ga yaron da ya gudu ya dawo, bai kore shi ba, ya matsa masa wuri ya zauna. Da Abba Gedewon ya ce ya gaji, da tarihi bai san wani Yared ba. Malamai da iyayen da ke da irin wannan yaro a gabansu yau, a tsangaya ne ko a boko ko a coci, a sassauta hannu, a ƙara masa lokaci. Allah Ya zaunar da ƙasashen nan biyu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.